Sandar Awo Ba Ta Fito Ba

'Yan uwa, ku matso kusa. Yau a gaggauce nake danna wayar nan, in kun ga harafi ya kauce ku yi min uzuri. Ni ce dai mai ɗaukar hoton asuba, wadda ake ce wa Auta a gidanmu, Yayana kuma yake tsokanata da Malama Shiru. Kwana uku ke nan abubuwa suna zuwa min a guje, har na rasa ta inda zan kamo muku bakin zaren. Bari in fara daga gada.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: a shagon hoto nake aiki. Da shara da goge gilashi na fara, har uwar ɗakina ta gaji da ganina tsaye a bayanta ina leƙe, ta miƙo min tsohuwar kyamararta ta ce in je in koya. Da damina ta kankama sai wani buri ya shige ni. Ina son in ɗauki madatsar ruwan bayan gari kullum da asuba, daga wuri ɗaya, har kwana arba'in, in jera su a ga ruwa yana hawa kamar mai numfashi. Na faɗa wa Baba, ya kwana biyu yana nazari. A rana ta uku ya kira ni.

"Yayanki zai kai ki ya dawo da ke. Bakwai ta yi miki a gida. Kuma ruwa kika ce, to ruwa za ki ɗauka. Ranar da na ga mutum a cikin abin nan, ranar kin gama fita."

Na ce na ji na yarda. Wallahi a lokacin har zuciyata na yarda.

Ban san yadda zan kwatanta muku gadar nan da asuba ba. Muna idar da sallah muke fita, gari shiru, fitilun titi ba su mutu ba. Yaya yana faka motarsa a bakin gada zai kwantar da kujera, ya ja hula ya rufe fuska, shi ke nan an gama rakiya. Ni kuwa in saɓi jakata in taka har tsakiya, inda na ɗiga jan farce sau uku a kan siminti don ƙafafun sandar kyamara su dinga sauka wuri ɗaya kullum. Ruwan yakan fara da baƙi, ya koma toka-toka, sai wani tururi ya tashi a kansa yana tafiya kamar mai sanɗa. Can sai gefen sama ya tsage da ja. A wannan lokacin ko numfashi ba na son yi da ƙarfi. Duk surutun da ban iya yi a gida ba, a nan nake jin kamar na yi shi na gama.

Kullum ɗauka biyu nake yi, duka bidiyo. Ta farko mai faɗi, ruwa da sama da duwatsu. Ta biyu ina zuƙo wata doguwar sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ruwa, fara mai baƙaƙen lambobi, don a ga inda ruwa ya kai.

To sandar nan tana da mai ita.

Shida da 'yan mintuna zai sauko ta matakalar siminti da ke ƙasan gada, da rigar ruwa ruwan lemo, da dogon takalmin roba, biro a bayan kunne. Ya tsaya a matakala ta ƙarshe, ya dubi sandar, ya rubuta a littafi, ya juya. Ni a raina Mai Awo na sa masa. Yana faɗowa a gefen hotona, ɗan ƙarami, dishi-dishi, don idon kyamara a kan sandar nake saita shi, ita kuwa ta fi shi nisa. Na ce wa kaina wannan ai ba mutum ba ne, ɗigon lemo ne. Kwana talatin da ɗaya ko sannu ba ta taɓa haɗa mu ba.

Shekaranjiya ina duƙe ina goge gilashin kyamara, sai na ji takun takalmin roba a kan gada. Ba a ƙasa ba, a kan gada!

"Salamu alaikum. Malama, don Allah minti biyu."

Na waiga wajen mota, ko motsi hular Yaya ba ta yi ba. Na amsa sallamar, ni kaina da ƙyar na ji muryata. Ya tsaya nesa kaɗan, ya ɗago min littafinsa. Ya kumbura kamar burodin da aka manta a cikin shayi.

"Jiya da yamma na sauka cire ciyawar da ta naɗe sandar, santsi ya kwashe ni. Ni na fito, littafin ma ya fito, rubutun ne ya zauna a can. Awon kwana tara ne ban kai ofis ba, kuma da shi ake sanin ranar da za a buɗe ƙofofin ruwa. Na ga kullum kina saita abin nan wajen sandata. Ko lambobin suna fitowa?"

Na gyaɗa kai.

"Duka?"

Na sake gyaɗa kai. Ku ji fa, mutum yana ta zuba bayani, ni kai kawai nake kaɗawa kamar ƙadangaruwa. Ya karanto lambar wayarsa, na danna, ya yi godiya ya sauka. Sai da na shiga mota na lura murfin kyamara yana cikin tafin hannuna, na damƙe shi har ya yi min shaida.

"Yau kin daɗe," in ji Yaya, yana miƙa.

"Gajimare ne."

"Allah ya kyauta. Ni ma ban samu barcin kirki ba."

A shago na jira uwar ɗakina ta shiga ɗakin ɗauka da wasu masu hoton fasfo, na buɗe kwamfuta. Kun san ni da rubutu, da girmana na shiga aji, har yau harafi ɗaya-ɗaya nake bi. Minti goma na yi kafin in haɗa: "Salamu alaikum. Mai hoton gada ce."

Nan take ya amsa: "Wa alaikumus salam. Tun ɗazu wayar tana hannuna."

Na fara zuƙo hotunan ina karanto masa. Ranar sha ɗaya ga wata, mita huɗu da sha takwas. Ranar sha biyu, huɗu da ashirin da uku. Na ba shi haƙuri na ce ina da nawa wajen rubutu. Ya ce: "Bi a hankali, Malama. Aikina kenan, jiran abu ya hau kaɗan-kaɗan." Na kifa wayar a cinya na yi murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu.

Sai na buɗe na ranar sha biyar, Laraba.

Jama'a, na manta da wannan ranar, ko in ce na sa kaina na manta. A safiyar nan wata balbela ce ta sauka a kan sandar ta ƙi tashi. Ya kore ta da littafi, ta dube shi ta gyara tsayuwa. Sai ya ture hular rigarsa baya ya fashe da dariya, daidai lokacin da rana ta fito ta haske masa fuska. Ni ban san sanda yatsana ya murɗa zoben kyamara ba. Daƙiƙa arba'in cur. Ga shi nan raɗau, har ɗigon ruwa a gemunsa ana gani. Sandar kuwa ta koma wani farin abu a bayansa, ko lamba ɗaya ba a karantawa.

Na rubuta: "Na Laraba babu."

"Ai kin zo ranar. Mayafi ruwan toka."

Na zauna ina kallon wannan layin. Mayafi ruwan toka! Ashe ɗigon lemo yana da ido.

"Na zo. Bai fito ba ne."

"Turo min haka nan. Idona ya saba da sandar, ko dishi-dishi ne zan gane."

Na yi dabara. Na ciro hoto ɗaya daga ciki, na yanke shi tas, na bar sandar ita kaɗai, na ajiye. Daidai nan uwar ɗakina ta ƙwala min kira in kawo farin ƙyallen bango. Na tura da sauri na tashi. Ina dawowa na duba. Na asalin na tura. Kuma ya riga ya buɗe.

Minti sha ɗaya babu amsa. Na ƙirga su. Na goge kanta, na sake goge ta, har uwar ɗakina ta ce, "Ke, fentin za ki cire?" Sai wayar ta yi ƙara.

"Gaskiyarki, sandar ba ta fito ba. Zan bar gurbin Laraba babu komai, in yi wa shugabana bayani da bakina. Ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce mutumin kirki, ya rufa min asiri. Sai ga wani saƙon ya shigo.

"Amma ni na fito sosai. Ban san ina da tabo a gira ba sai yau."

Me zan ce? Na tura masa sauran kwana huɗun a jere, lamba kawai, ko sallama babu. Jiya da asuba da ya sauko matakala bai hau gada ba, sai dai da ya gama rubutu ya ɗago sabon littafinsa sama, ya ɗan girgiza shi. Ni kuma na yi kamar ina duba baturi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi.

Jiya bayan la'asar Goggo ta zo, yayar Baba. Ta shigo da ƙamshin turarenta da jakarta mai sarƙa, ta zauna a kujerar da ta fi kowacce laushi, ta cire takalmi ta fara abin da ya kawo ta. Wata uku ke nan tana yi min tallan ɗan ƙawarta mai kemis. Ni ba ni da abin faɗi a kansa, mutum ne mai tsabta, sai dai zuwansa biyu duk maganar ciwon suga ya yi min, a na biyun kuma ya ce shi matarsa ba za ta dinga rataye a gada kamar mai kamun kifi ba.

"Yarinya ta kai munzali ana barinta tana fita da duhu," in ji Goggo. "Wai ruwa take ɗauka. Ruwan famfo ya ƙare ne a gidan nan?"

Umma ta ce, "Da yayanta take zuwa, Hajiya."

"Wannan? Wannan da ko a tsaye barci yake yi?"

Baba yana gefe yana shan shayi. Ya ajiye kofin ya ce, "Auta, kawo abin da kika ɗauka mu gani. Sa shi a talabijin kowa ya huta."

Daɗi ya kama ni, tsoro ya kama ni. Na riga na jera kwanakin, kowace rana daƙiƙa uku, da kwanan wata a ƙasan kusurwa da na rubuta da kaina. Na Laraba kuwa tun shekaranjiya na cire shi. Na jona, na koma bayan kujera na tsaya.

Wayyo, ku zo ku ga falonmu! Ruwa ya cika bango. Sama tana buɗewa tana rufewa, tururi yana gudu, wani tsibiri da ke tsakiya yana nutsewa a hankali har ya rage kan bishiya kawai. Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Ikon Allah! Auta, ke kika yi wannan?" Yaya ya ce, "Kai, ashe haka wurin yake?" Goggo ma kallo take, bakinta a ɗan buɗe. Na ji hawaye yana taruwa min. Ban taɓa yin abin da ya sa falonmu ya yi tsit ba.

Ya ƙare. Baba ya ce, "Maimaita."

Na maimaita. Ya gyara tabarau ya matso gaba. Shekara talatin Baba yana gyaran agogo, idonsa ya saba da gano haƙorin da ya ɓalle a cikin jeri.

"Tsaya. Koma baya. Sha huɗu. Sha shida." Ya juyo. "Sha biyar ba ku je ba?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Mun je mana, Baba! Ni ko fashin rana ɗaya ban yi ba."

Na dube shi. Da kallo yana ƙona mutum da tuni ya zama toka.

"To ina take?" in ji Baba.

"Ba ta yi kyau ba ne, Baba."

"Mu ga marar kyan."

Ban iya yi wa Baba ƙarya sau biyu a jere ba. Na nemo ta na danna. Ga balbela, ga dariya, ga fuskar bawan Allah ta cika talabijin ɗinmu daga wannan gefe zuwa wancan, tabon gira da komai. Daƙiƙa arba'in ba su taɓa yi min tsawo haka ba.

Goggo ta saki salati. "Ga ruwa kam! Ruwa mai gemu!"

Umma ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Baba bai yi dariya ba. Ya dubi Yaya.

"Kai kana ina?"

"Ina... ina gadin mota, Baba."

"Wane ne wannan, Auta?"

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa: sandar, littafin da ya jiƙe, lambobin. Ya miƙo hannu, na sa masa wayar. Ya bi saƙonnin daga sama, a hankali, leɓensa yana motsi. Na ga inda ya tsaya ya daɗe, na san wajen gurbin Laraba ne. Ya gangara ƙasa, girarsa ta ɗaga, na san ya iso tabon. Ya rufe saƙonnin ya zura wayar a aljihun gaban rigarsa.

"Ai magana ta ƙare," in ji Goggo. "Kai ka kafa sharaɗi da bakinka. A karɓe abin hoton, a kira yaron nan mai kemis a tsayar da magana."

"Na ji, Hajiya." Baba ya miƙa wa Yaya hannu. "Makullin mota." Sannan ya dube ni. "Gobe ni zan kai ki."

Bai ce na gama fita ba, bai ce ban gama ba. Haka ya bar ni a rataye.

Yau tun kafin kiran sallah na shirya. Na sa baƙar abaya, na ɗauko mayafi ruwan toka, na tuna, na wurgar da shi kan gado kamar ya cije ni, na ɗauki ruwan ƙasa. Umma ta leƙo ta gyara min shi a kafaɗa, ta raɗa min, "Ki yi shiru dai, kin iya." Baba ya fito da rigar sanyi a kan jallabiya, da hular ulu. Har muka isa tasbihi yake yi.

Bai kwantar da kujera ba. Ya bi ni har tsakiyar gada, ya ga ɗigon jan farcena, ya ga yadda ƙafafun sandar kyamara suka sauka a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Hm." A wajen Baba wannan hm ɗin magana ce mai tsawo. Ya dafa ƙarfen gada yana kallon ruwa, tururi yana tashi, gefen sama ya fara ja.

Sai ga rigar lemo a kan matakala.

Baba ya duba agogonsa, ya juya, ya bi hanyar sauka yana dafa bango. Na bi shi da ido, ina tuna santsin wurin. Mai Awo ya ɗago ya gan shi. Ya dubi gada, ya dubi Baba, sai ya hau da sauri ya tare shi a tsakiya, ya cire hular rigarsa ya rusuna. Ga kyamara a gabana, da na zuƙo da na ga bakinsu. Na harɗe hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Daga nesa na ga ya buɗe wa Baba littafi, Baba ya sa yatsa a wani wuri. Na ga yana nuna sandar, yana nuna ƙofofin ruwa. Na ga Baba ya kama hannunsa na hagu ya ɗaga yana dubawa. Rana ta fito, ta hau, ta gama abin da take yi, ni ban ko taɓa maɓalli ba.

Baba ya hawo yana haki. Ya tsaya ya huta, sannan ya ce, "Kin ɗauki ruwan?"

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Kin yi asarar rana ɗaya ke nan. Gobe ki ɗauka."

Gobe! 'Yan uwa, ya ce gobe! Na ji kamar in rungume ƙarfen gada. Na naɗe kayana, na bi shi zuwa mota. Sai da ya zauna ya zaro wani baƙin agogon hannu daga aljihu, ya kara a kunne.

"Mutum yana aikin awo da agogon da ke latti da minti huɗu. Na karɓo. Na ce ya zo gida bayan la'asar ya karɓa."

Kafin in gama haɗiye wannan, aljihun gabansa ya yi ƙara. Wayata. Ya ciro ta ya nisanta da ido, ya matso da ita, ya laluba aljihu babu tabarau. Ya miƙo min.

"Karanta min. Da ƙarfi."

Na buɗe. Layi na farko: "Babanki ya tafi da agogona. Ƙarfe nawa ake la'asar a gidanku?" Na karanta masa, har gefen bakinsa ya motsa. Idona ya sauka a na biyu: "Kuma wace riga zan sa? Ke kika san wadda ta fi fitowa."

Na kifa wayar a cinya. Baba ya tayar da mota, ya duba madubi, ya hau titi a hankali.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ba ni da tabarau, amma layi biyu na gani."